Awo Ɗaya Ba Ya Faɗin Yadda Yaro Ke Girma

A shekarar 2018 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta zaɓi gidaje kusan 42,000 a faɗin Nijeriya ta yi musu tambayoyi, a wasu daga cikinsu kuma aka auna nauyi da tsayin yara. Sakamakon ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Irin wannan bincike na awo ɗaya a lokaci ɗaya yana bayyana girman matsala. Sai dai an tsara shi ne don ya ba da alƙaluman jiha, don haka Kauru, ɗaya daga ƙananan hukumomi 23 na Kaduna, takan ɓace cikin lissafin da ya haɗa ta da Zariya da birnin Kaduna. Ba ya kuma faɗin lokacin da girman yaro ya fara tsayawa. Abin da Kauru ke buƙata shi ne a riƙa bin yara ɗaya ana auna su wata bayan wata.

Wannan hanya ta bibiya ta daɗe da nuna amfaninta a Afirka ta Yamma. A ƙauyen Keneba na ƙasar Gambiya, tun 1950 likitoci ke rubuta haihuwa da nauyi da rashin lafiyar mutanen garin. Da haka aka ga cewa girman yara yakan ja baya da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, iyaye mata suna gona, zazzaɓi da gudawa kuma sun yawaita. Wanda ya zo awo sau ɗaya bayan kaka ba zai taɓa ganin wannan ba. A Imesi-Ile ta ƙasar Yarabawa ma, bibiyar da likita David Morley ya fara a ƙarshen shekarun 1950 ce ta haifar da katin awon yara da ake ba uwaye a asibiti.

Wani zai ce bibiya tana nuna lokacin da abu ya faru ne kawai, dalilinsa kuwa sai hasashe. Da gaskiyarsa, kuma maganin hakan shi ne gwaji. A Jigawa da Zamfara, daga 2014, an raba ƙauyuka 210 ta hanyar ƙuri'a: a wasu aka fara ba mata masu ciki naira 3,500 duk wata tare da wayar da kai kan ciyar da yara, wasu kuma suka jira. Da yake ƙuri'a ce ta yi rabon, raguwar tsumburewa da aka samu ana iya jingina ta ga tallafin. Amma shi kansa gwajin bai yiwu ba sai da aka koma gidajen nan bayan shekaru aka sake awo.

Akwai kuma masu cewa ma'aunin girman yara na Turawa ne. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 an gina shi ne kan yara fiye da 8,000 daga ƙasashe shida, har da Gana da Indiya da Oman, ya kuma nuna cewa in yara sun sami shayarwa da kulawa, girmansu kusan ɗaya ne ko'ina. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne ƙaura: rikici da neman abinci kan raba iyalai da garuruwansu a kudancin Kaduna, waɗanda ke ɓacewa daga rajista kuma galibi su ne mafi rauni, sai sakamako ya fito da kyau fiye da yadda gaskiya take. Dole ne a rubuta duk wanda ya tashi, a kuma bi sahunsa ta waya ko ta hannun mai unguwa.

Batun tsada kuwa, rabin aikin yana hannu. Ana auna jarirai ranar riga-kafi a ƙananan asibitoci. Abin da ya rage shi ne a adana alƙaluman da yardar iyaye, a ƙara da watan da yaro ya fara zama da tafiya da magana, domin girma ya wuce nauyi. Ɗaliban kwalejin jinya ta Kafanchan da malaman reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke garin za su iya tattarawa da nazari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma tsayin da yaro ya rasa kafin ya cika shekara 2 da wuya ya dawo. Hukumar da ta san watan da 'ya'yanta ke fara ramewa ita ce za ta san watan da za ta kai musu agaji.