Wa Zai Ja Tawagar Tsaro a Bakin Dajin Damari?

A watan Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta Jihar Katsina, matasa kusan 1,500 daga ƙananan hukumomi takwas da 'yan bindiga suka fi addaba, ciki har da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara. Dabarar tana da ma'ana. Ɗan gari ya san burtalin da ake kora shanun sata, ya san baƙuwar fuska a kasuwa. Sai dai tara matasa a ba su babura da makamai shi ne mai sauƙin. Mai wuyar shi ne samun wanda zai ja su.

Garuruwa irin su Damari, a ƙaramar hukumar Sabuwa, suna inda aikin ya fi zafi. Sabuwa tana maƙwabtaka da Birnin Gwari da dazuzzukansa, Faskari kuma ta jingina da Zamfara. Umarnin da aka rubuta a ofis a birnin Katsina yakan iso nan da wata kama daban. Mutanen yankin ba su manta da shekarar 2021 ba, lokacin da aka toshe layukan waya don a hana ɓarayin daji sadarwa. Niyyar alheri ce, amma manomin da aka kawo wa hari shi ma ya rasa yadda zai nemi ɗauki. Sulhun da gwamnatin Aminu Bello Masari ta yi a 2019 bai ɗore ba, domin a Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Darasin, a ganina, shi ne duk shawarar da aka yanke ba tare da jin ta bakin na ƙasa ba, na ƙasan ne ke ɗanɗana kuɗarta.

Duk wanda ya taɓa zuwa gayya ya san cewa mai ja gaba shi ke fara shiga kunya, kuma idonsa yana kan wanda aka bari a baya. Haka ake so jagoran tawagar tsaro ya kasance. Ya saurari ƙaramin yaronsa idan ya ce ya ga sawun babura a gefen rafi. Ya riƙe sirrin mai kawo labari, don a yankin da ake fama da masu tsegunta wa ɓarayi, kalma ɗaya kan jawo asarar rai.

Babbar jarrabawarsa kuwa ita ce ranar da aka kashe ɗaya daga cikin yaransa, zukata suka tafasa, aka ce a je a ƙona rugar da ke kusa. Nan ake gane shugaba. Ramuwar gayya kan wanda bai ji ba bai gani ba tana cikin abubuwan da suka rura wannan wuta tun zamanin 'yan sa-kai. Jagoran da zai iya cewa a'a, a miƙa wanda ake zargi ga hukuma, ya fi mai harbi goma amfani.

Muna kira ga gwamnati da hakimai da dagatai su riƙa zaɓen shugabannin waɗannan tawagogi bisa hali da amana, ba alfarmar siyasa ba. A biya su haƙƙinsu a kan kari, a kuma kula da iyalan waɗanda suka rasu a bakin aiki.