Fayil ya maƙale a tsohuwar Windows: yadda ake fito da shi zuwa sabuwar kwamfuta

Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 98 tun watan Yulin 2006, ya kuma sallami Windows XP a ranar 8 ga Afrilun 2014, amma ayyukan da mutane suka yi a cikinsu suna nan. Akwai makarantun da sakamakon ɗalibai na shekara goma yake cikin wata tsohuwar manhaja da ba ta tashi a sabuwar kwamfuta, akwai ƙungiyoyin manoma da lissafin bashinsu yake can, akwai marubutan da littafi sukutum ya kwana a ciki. Dabarar da masu gyara suka fi bi yanzu ita ce a tayar da tsohuwar Windows ɗin a cikin sabuwar kwamfuta ta hanyar manhajar kwaikwayo irin VirtualBox ko QEMU. Tsohuwar ta zama baƙuwa, sabuwar kuma mai masauki. Sau da yawa wannan matakin yana tafiya lafiya: allo ya buɗe, manhaja ta tashi, ga takardun nan kana kallonsu da idonka. Rigimar tana somawa ne lokacin da ka ce bari ka fito da su waje.

Kafin a taɓa komai, a kashe baƙuwar, a kwafi fayil ɗin faifanta, wanda sunansa ke ƙarewa da .vdi ko .vhd ko .qcow2, a ajiye a kile ko wani faifai na daban. Inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, wannan kwafin shi ne abin da zai raba ka da kuka.

Mutane da yawa suna soma bincike daga sama, su yi ta canza kalmar sirri, alhali matsalar tana can ƙasa. Tambayar farko ita ce ko baƙuwar ta ma san tana da katin rezo. VirtualBox yana iya kwaikwayon katuna iri-iri, kuma ba kowanne ne tsohuwar Windows take da direbansa ba. Windows 98 ta san katin AMD PCnet, ba ta san Intel PRO/1000 ba, domin an haife shi bayanta. Ka buɗe jerin na'urori, wato Gestionnaire de périphériques ga mai Windows ta Faransanci. Idan ka ga alamar tambaya ruwan ɗorawa a kan katin, to kashe baƙuwar, ka koma saitin VirtualBox ka zaɓi PCnet-FAST III. Ka kuma ajiye faifan girka Windows 98 a kusa, don ita duk wani ɗan canji a harkar rezo sai ta nemi faifanta, sannan ta ce a sake tayar da ita.

Idan kati ya zauna, sai a duba adireshi. A Windows 98 ana rubuta winipcfg a akwatin Exécuter, a XP kuma ipconfig a baƙin allo. Lambar da ta fito tana ba da labari mai yawa. In ta soma da 169.254, baƙuwar ta nemi adireshi ba wanda ya ba ta, sai ta raɗa wa kanta. Ba ta haɗu da kowa ba ke nan. In ka ga 10.0.2.15, tana kan tsarin NAT, wanda shi ne VirtualBox da QEMU suke sakawa tun farko. A wannan tsarin baƙuwar kamar amarya ce a cikin lalle: tana iya aika saƙo waje, amma na waje ba ya iya shigowa wurinta sai an buɗe masa ƙofa ta musamman. Wannan ya isa a shiga intanet, bai dace da musayar fayil ba.

Akwai tsari na biyu da ake kira Accès par pont, wanda ke jefa baƙuwar kai tsaye cikin rezon gida ko na ofis kamar kowace kwamfuta. Yana aiki, amma ni ba na ba da shawararsa. Windows ɗin da aka daina kula da ita fiye da shekara goma, bai kamata a zaunar da ita inda kowa zai iya ƙwanƙwasa mata ba. Na uku shi ne wanda ya fi: Réseau privé hôte, rezon da babu kowa a cikinsa sai baƙuwa da mai masaukinta. A nan mai masauki yakan ɗauki 192.168.56.1, baƙuwar kuma ta samu 192.168.56.101 ko abin da ya biyo baya.

Wani abu da ke ruɗa mutane a wannan wurin shi ne ping. Sai mutum ya buga ping 192.168.56.1 daga cikin baƙuwar, bai samu amsa ba, ya yanke hukuncin cewa rezo ya mutu. Ba lallai ba ne. Katangar tsaro ta Windows 10 da 11 tana yin shiru ga irin wannan sallamar in ba a ce mata ta amsa ba. Ka juya gwajin: daga mai masauki ka buga ping zuwa adireshin baƙuwar. Windows 98 ba ta da katanga, za ta amsa nan take idan hanya a buɗe take. XP kuwa tun daga Service Pack 2 na 2004 tana da tata katangar a kunne, sai an sassauta mata.

Abin da ya sa ba sa jin maganar juna

A ce hanya ta buɗe, amma ka shiga Voisinage réseau ba ka ga kowa ba, ko ka ga sunan mai masauki amma ya ƙi buɗuwa. A nan ba ka yi kuskuren saiti ba, yare ne ya bambanta. Windows tana raba fayiloli ta wata ƙa'ida mai suna SMB. Windows 98 da XP ba su san komai ba sai zubin farko, SMB1. Na biyu ya zo ne tare da Windows Vista. A watan Mayun 2017 ƙwayar WannaCry ta bi ta wata ɓaraka a SMB1 ta kulle kwamfutoci a ƙasashe masu yawa, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Daga zubin Windows 10 mai lamba 1709, wanda ya fito a ƙarshen wannan shekarar, Microsoft ya daina saka SMB1 a kunne. Samba ma, wadda ke yi wa Linux wannan aikin, ta kashe shi daga zubi na 4.11 a 2019.

Za ka samu masu ce maka ka je ka kunna SMB1 a sabuwar kwamfutarka kawai. Ana iya yi, amma ka san abin da kake saye: ka buɗe tsohuwar ƙofa a kwamfutar da kake shiga banki da ita, don fayil ɗin da za ka kwasa cikin minti goma, kuma yawancin masu kunnawa ba sa komawa su kashe. Ko an kunna ma, ba a gama ba. Windows 98 tana gabatar da kanta da sunan da aka shiga da shi lokacin tayar da ita, ba ta ba ka damar rubuta wani suna, shi ya sa take fito da akwatin nan mai neman kalmar sirrin IPC$ wanda duk abin da ka rubuta sai ya ƙi. Hanyar da take tura kalmar sirri ma tsohuwa ce da sababbin Windows suke ƙin karɓa. Kana iya kashe yini guda a nan ba ka fitar da shafi ɗaya ba.

Mai XP yana da sauƙi: ya girka Additions invité na VirtualBox, ya saita jakar da za su yi tarayya, shi ke nan, ba ruwansa da SMB1. Windows 95 da 98 ba su da wannan gatan. Tura wa kai ta imel ko Google Drive ma ba zai yiwu ba, saboda tsohon Internet Explorer bai san TLS 1.2 ba, wanda shafukan yau suke buƙata kafin su yi magana da kai.

FTP da tarkunansa biyu

Abin da ya rage shi ne a nemi yaren da dukansu suke ji, kuma FTP ya cika wannan sharaɗin. Ƙa'idarsa da ake amfani da ita an rubuta ta tun 1985, kuma kowace Windows tana zuwa da ƙaramar manhajar ftp a cikinta. A mai masauki, idan akwai Python, sai a girka pyftpdlib da umarnin pip install pyftpdlib, a shiga jakar da ake so fayilolin su sauka, a rubuta python -m pyftpdlib -i 192.168.56.1 -w. Wannan yana buɗe ƙofa mai lamba 2121, a kan rezon nan na su biyu kaɗai, tare da izinin rubutu. Kada a bar -i da adireshin, in ba haka ba duk wanda ke kan wifi ɗaya da kai zai iya zuba maka abin da ya ga dama. Idan katangar tsaro ta tambaya, a ba Python izini. A cikin baƙuwar kuma sai a buɗe baƙin allo, a shiga jakar da fayilolin suke, a rubuta ftp, sannan open 192.168.56.1 2121, a ba da suna anonymous.

Tarko na farko: ka shiga lafiya, an yi maka maraba, amma da ka rubuta dir ko put sai komai ya tsaya cik. Dalili shi ne FTP yana amfani da layi biyu, ɗaya na umarni, ɗaya na kaya. A tsohon salo, mai karɓar baƙi ne yake kiran baƙuwar don buɗe layin kaya. Idan baƙuwar tana bayan NAT, adireshin da za ta bayar shi ne 10.0.2.15, wanda ba a iya kira daga waje, sai a yi ta jira. An ƙirƙiro salon passif don magance haka, amma manhajar ftp da ke zuwa da Windows ba ta iya shi ba. Wannan ne babban dalilin da ya sa na ce a koma Réseau privé hôte tun farko: a can kiran yana isa.

Tarko na biyu ya fi mugunta, domin ba ya nuna alama. Manhajar ftp tana tashi ne a yanayin ascii, wanda aka yi don rubutu zalla, kuma a wannan yanayin ana iya sauya alamomin ƙarshen layi a kan hanya. Ga hoto, ko fayil ɗin Word, ko rumbun bayanai na Access, wannan sauyin ɓarna ce. Za a ce maka an tura lafiya, sai bayan wata guda, lokacin da aka riga aka goge na asali, a gano ba ya buɗuwa. Saboda haka kalmar farko bayan shiga ita ce binary. Sannan prompt don kada ta riƙa tambayarka a kan kowane fayil, sannan mput *.* ta kwashe abin da ke jakar. In an gama, a gwada girman fayil a ɓangarorin biyu, lamba da lamba, ba a ƙiyasce ba, kuma a buɗe kaɗan daga ciki a gani.

Sunayen fayiloli ma suna da tasu fitinar, musamman a wurinmu da ake aiki da Faransanci. Suna irin Relevé de décembre yana ɗauke da é, kuma yadda Windows 98 take rubuta wannan harafin daban yake da tsarin UTF-8 na yau. Wani lokaci sunan ya iso a hargitse, wani lokaci a ƙi karɓarsa gaba ɗaya. Mafita mai sauƙi ita ce a ɗaure jakar duka a ƙunshi guda da 7-Zip, wanda zubinsa na 9.20 yana tashi a Windows 98, a sa masa gajeren suna marar ado kamar kaya.7z, a tura shi a binary. Wannan ya kuma warware matsalar jaka a cikin jaka, wadda mput ba ya shiga. Shigar da 7-Zip ɗin cikin baƙuwar ba wuya: python -m http.server 8000 a mai masauki, sannan a buɗe http://192.168.56.1:8000 a tsohon Internet Explorer a sauke shi.

Ga masu rubutun Hausa akwai ƙarin abu guda. Kafin Unicode ya bazu, haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba su cikin jerin haruffan Windows. An riƙa ƙera fon na musamman da ke ɗora su a gurbin wasu alamomi. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano yana cikin waɗanda suka yi wannan aikin a shekarun 1990. Takardar da aka buga da irin wannan fon za ta iso lafiya lau, amma a sabuwar kwamfuta sai ka ga wata alama ta daban a duk inda ƙ take. Fayil ɗin bai lalace ba. A koma C:\Windows\Fonts a cikin baƙuwar a kwaso fon ɗin shi ma, a girka, rubutu zai dawo daidai. Daga nan a yi amfani da nema-da-sauyawa na Word a mayar da kowace alama zuwa harafinta na Unicode, don takardar ta karantu a waya da kowace kwamfuta.

Idan duk wannan ya faskara, ko kuma kayan suna da yawa, ana iya barin rezo gaba ɗaya. Faifan baƙuwar ai fayil ne kawai a kan mai masauki. A kashe ta kashewa ta sosai, ba dakatarwa ba, sannan a buɗe kwafin faifan da sabon 7-Zip, wanda ke karanta .vdi da .vhd da .vmdk kamar kowane ƙunshi, a jawo abin da ake so. Ko kuma a juya shi zuwa VHD da umarnin VBoxManage clonemedium, a maƙala shi ta Gestion des disques, ya fito kamar wani faifai na biyu. Wannan hanyar ba ta taimaka wa wanda yake son ya riƙa aiki da tsohuwar manhajar kullum yana fitar da rahoto, shi FTP ne nasa, amma ga mai kwasa sau ɗaya ta fi sauri.

Ko ta wace hanya kayan suka fito, a bi su da manhajar kashe ƙwayoyi kafin a buɗe. Kwamfutocin wancan zamanin sun sha kile da disket na mutane iri-iri, kuma ƙwayoyin da ke ɓuya a cikin takardun Word da Excel suna tafiya tare da fayil ɗin duk inda aka kai shi. Bayanan da ke cikin manhajar da ba ta da magaji kuwa, a fitar da su tun baƙuwar tana tashi, zuwa CSV ko rubutu zalla, a ajiye kwafi biyu a wurare biyu.