Wa ke zama a kujerar tantancewa? Yadda siyasa ta raba fanshon soja a Ayilan

A barikin soja na tashi, don haka kalmar “tantancewa” ba baƙuwata ba ce. Shekarata 11 a Dublin, amma har yau tana iso ni ta WhatsApp, yawanci da roƙon kuɗin mota a bayanta. Abin da ban zata ba shi ne mutanen nan ma sun sha wannan ɗacin, kuma nasu a rubuce yake. Tun 2014 rumbun takardun soja da ke barikin Cathal Brugha ya fara zuba fayilolin masu neman fansho a intanet, kowa ya karanta. Wani abokin aikina ne ya nuna mini na kakansa, wanda aka ƙi, daga nan na zama ɗan gida a wurin.

Ga yadda abin ya faro. Mutanen Ayilan sun yi wa Birtaniya bore a 1916, suka kuma gwabza da ita daga 1919 zuwa 1921. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Disamban 1921 ta raba mayaƙan gida biyu, masu so da masu ƙi, har ta kai ga yaƙin basasa daga Yunin 1922 zuwa Mayun 1923. Masu so suka yi nasara. Da ƙura ta lafa sai gwamnati ta shiga sallamar dubban sojoji, wasu hafsoshi kuma suka tada ƙayar baya a Maris 1924. Dokar fansho ta wannan shekarar, a gaskiya, ruwa ce aka kawo don kashe wannan wutar.

To, su wa aka ɗora su tantance? Shugaba dai alƙali ne, Cyril Beatty. Amma sauran biyun, Eamonn Duggan da Fionán Lynch, duk 'yan majalisa ne na jam'iyya mai mulki. Duggan yana cikin waɗanda suka sa hannu a yarjejeniyar da ta haddasa faɗan, Lynch kuwa minista ne a lokacin. Sakataren hukumar, Gearóid O'Sullivan, babban hafsa ne da ya rasa muƙaminsa a rikicin Maris ɗin, sai ga shi an sama masa mazauni.

Dokar ma an ɗinka ta daidai jikinsu. Bai isa a ce ka yaƙi Birtaniya ba, sai ka kuma yi wa sojan gwamnati aiki a yaƙin basasa. Wanda ya shekara biyar yana kwana a daji amma ya tsaya a ɗaya ɓangaren, ko sisi. Waɗanda suka samu ba su kai 4,000 ba, mace ɗaya ce tal a cikinsu, likitar soja Brigid Lyons Thornton. Margaret Skinnider kuwa, malamar makaranta da aka harba sau uku a 1916, ta nemi fanshon rauni a 1925 aka ce mata kalmar “soja” a doka namiji take nufi. Ita ma tana cikin masu ƙin yarjejeniya. Sai a 1938 ta samu.

Kowa ya samu rana sai ya yi shanya. A 1932 Éamon de Valera, jagoran waɗanda aka kayar, ya ci zaɓe, kuma a 1934 aka yi sabuwar doka da ta buɗe ƙofa ga mutanensa da mata 'yan ƙungiyar Cumann na mBan, ko da yake matan an tsayar da su a matakai biyu na ƙasa. Ministan tsaro shi ne Frank Aiken, wanda ya jagoranci mayaƙan adawa a ƙarshen yaƙin basasa. An naɗa alƙali, Joseph O'Connor, ya riƙa yanke hukunci, tare da mashawarta huɗu: ma'aikatan gwamnati biyu da tsofaffin mayaƙa biyu. Ɗaya shi ne Humphrey Murphy, kwamandan adawa daga Kerry. Ɗayan, John McCoy, tsohon na hannun daman Aiken ne a rundunarsa ta arewa. Wato minista ya waiwaya ya ɗauko yaronsa.

Nan fa ake musu, kuma sai an yi adalci. Yaƙin sunƙuru ba shi da rajistar albashi. Wa zai san wanda ya fita kwanton ɓauna da wanda ya kwana a ɗaki in ban da wanda yake wurin? Ban kuma ci karo da inda aka ce waɗannan mutane sun saci kwabo ba. Hasali ma hukumar 1934 mai tsauri ce: sama da mutum 50,000 suka nema, mafi yawansu aka ƙi su. Amma ni abin da na gani a fayilolin ya fi sata wuyar kamawa. Mai nema sai ya kawo shaidar tsofaffin shugabanninsa. In kwamandanka ya mutu, ko ya tafi Amurka, ko kun ɓata a 1922, shi ke nan, hidimarka ba ta da mai faɗa. Wasu fayilolin cike suke da wasiƙun 'yan majalisa suna tuni a kan mutanen mazaɓarsu. Na kakan abokina siriri ne, babu irin wannan wasiƙa ko ɗaya.

Mu ma mun san wannan hanya. Sojojin Najeriya da suka koma ɓangaren Biyafara korarsu aka yi, sai a Mayun 2000 Shugaba Obasanjo ya mayar da korar ritaya, shekara 30 bayan an ajiye makamai. Da yawa ba su ga ranar ba. Yau hukumar fanshon soja da ke Dutse-Alhaji a Abuja hafsa mai ci ne ke shugabantarta, naɗo shi ake yi daga sama, kuma 'yan mazan jiya sun sha yin zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi kan haƙƙoƙinsu. Ina so in ji daga 'yan uwa a gida: an taɓa tambayar tsofaffin kuratan, ba janar-janar ba, wa suke so ya wakilce su a teburin?

Abokina ya buga fayil ɗin kakan nasa ya raba wa dangi a bikin Kirsimeti, har da shafin da ke ɗauke da sunayen waɗanda suka yi masa tambayoyi. Gwaggonsa mai shekara 80 da ɗoriya ta ce ta san gidan ɗaya daga cikinsu.