Darasin da tumbin akuya ya koyar a Tamanrasset

Duk wanda ya bi ta busasshen kogin da ya ratsa Tamanrasset, a kudancin Aljeriya, ya san yadda leda ke maƙale wa itatuwan ƙaya. Wannan ne ya sa na fara tara yaran unguwarmu, galibi 'ya'yan Hausawan Nijar, ina yi musu bayani kan tsafta da tattalin ruwa. Wata guda ina zuba, suna gyaɗa kai. Da an tashi, sai a sayi alewa a yar da ledar a ƙofar gida.

Wani dattijo mutumin Maraɗi ne ya farkar da ni. Ya ce, "Ɗana, surutu ba ya sauya hali." Sai ya ba ni labarin sassaben zamani, dabarar da Tony Rinaudo ɗan Ostareliya ya fara yaɗawa a yankinsu a 1983: manomi ya bar tohon kututture a gonarsa, yana yi masa aski har ya zama itace. A yunwar 1984 an riƙa ba mutane abinci don su yi hakan, amma da rabon ya tsaya, da yawa suka sare itatuwan. Waɗanda suka bar nasu kuwa suka sami makamashi da abincin dabbobi, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya.

Na koma na sauya salo. Na kai yaran wajen wani mahauci, ya ciro dunƙulen leda daga tumbin akuya a gabansu. Wata yarinya ta yi shiru, can ta ce, "Malam, ashe abin da ya kashe tamu ke nan?"

Batun ruwa kuma, na gaya musu cewa tun 2011 ta bututu ake jawo shi daga In Salah, tafiyar kusan kilomita 750 cikin hamada. Muka ajiye bokiti a ƙarƙashin famfon da ke ɗiga, da safe suka auna da kansu, suka matsa wa iyaye aka gyara.

Sai dai gani kaɗai bai isa ba. Idan babu kwandon shara kusa, ledar ƙasa za ta koma. Muka yanke tsofaffin jarkoki muka rataya a bakin lungu, kowane yaro da ranar kwashewarsa.

Kogin dai har yanzu yana nan da ledarsa. Amma a lungunmu, jiya na ji wani yaro yana ce wa yayansa, "Yaya, ɗauki abarka, akuyar Inna na nan tafe."