Dolly Parton, mawaƙiyar da ta ƙi sayar da rabin waƙarta

Ƴan kasuwa maza da mata, yau mun ɗauko muku labarin wata mawaƙiya ta ƙasar Amurka, amma a ganinmu labarin ciniki ne. Sunanta Dolly Parton, gwana a kiɗan kwantiri, wato kiɗan mutanen karkara na can.

An haife ta a 1946 a jihar Tenesi, ita ce ta 4 cikin ƴaƴa 12. Saboda tsananin rashi, da buhun garin masara mahaifinta ya sallami likitan da ya karɓi haihuwarta. Tana gama sakandare a 1964 ta nufi birnin Nashville, cibiyar wannan kiɗa, inda ita da kawunta Bill Owens suka kafa kamfanin da zai riƙe mallakar waƙoƙin da take rubutawa.

To, ga inda cinikin yake. A 1974 ta fitar da waƙarta "I Will Always Love You". Shahararren mawaƙi Elvis Presley ya so ya rera ta, sai manajansa Kanar Tom Parker ya gindaya sharaɗi: a ba su rabin mallakar waƙar. Duk mai rumfa ta san irin wannan babban mai saye, wanda sunansa kaɗai zai ɗaga ki, amma so yake ya shiga cikin uwar kuɗi. Dolly ta ce a'a. Ita da bakinta ta faɗi cewa ta kwana tana kuka.

Bayan shekara 18, a 1992, Whitney Houston ta rera waƙar, ta yi mako 14 tana kan gaba a Amurka, kason marubuciya kuwa bai ratsa hannun Kanar ba. Dolly ta ce da wani ɓangare na kuɗin ta sayi ginin ofisoshi a unguwar baƙar fata a Nashville.

Tana kuma rubuta littattafai: tarihin rayuwarta a 1994, da ƙagaggen labari tare da James Patterson a 2022. Mahaifinta dai bai iya karatu ba, shi ya sa a 1995 ta soma aika wa yaran yankinsu littafi guda kyauta kowane wata, daga haihuwa har shekara 5. A 2023 littattafan da aka raba a Amurka da wasu ƙasashe sun zarce miliyon 200. Tsohon ya ga somawar shirin da idonsa kafin ya rasu a 2000.