Zazzaɓin Kwamfuta: Me Ke Sa Injin da Ba Ya Aiki Ya Yi Zafi?

Duk ɗalibin ilimin halittu ya san cewa jikin mutum ba ya daina aiki ko da yana barci. Zuciya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, huhu yana shaƙar iska, ƙwaƙwalwa kuma, wadda nauyinta bai wuce kashi 2 cikin ɗari na jiki ba, tana cin kusan kashi 20 na ƙarfin da jikin ke ƙonawa. Wannan lafiya ce. Amma idan aka sami mutum a kwance ba ya komai, zuciyarsa na bugawa kamar wanda ya hawo dutse a guje, to likita zai fara bincike. Haka abin yake ga kwamfuta.

Manyan makarantu irin su Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da bankuna da hukumomin jarrabawa, suna ajiye sunaye da sakamako da lissafin kuɗi a cikin rumbun bayanai, a kan wata babbar kwamfuta da ake kira uwar-garke. Saboda gudun hasara, masu hankali ba sa dogara da guda ɗaya. Akan tanadi ta biyu wadda aikinta kawai ta kwafe duk abin da aka rubuta a ta farko. Misalinta kamar ɗan kasuwa ne a Kurfi mai littafin bashi biyu, da yaron da ke kwafe kowane sabon layi daga wannan zuwa wancan. Da dare, in an rufe shago, ya kamata yaron ya huta.

To, wani lokaci ba ya hutawa. Ba ɗalibi ko ɗaya da ke duba sakamako, amma ƙwaƙwalwar injin tana aiki ɗari bisa ɗari, fanka na ruri, wuta na tafiya. A garin da ake rayar da injuna da janareta ko batirin hasken rana, ga kuma zafin watan Afrilu, wannan kuɗi ne ke ƙonewa, kuma zafin yana rage wa injin kwana.

Fitaccen misalin wannan cuta ya faru ne a daren 30 ga Yuni, 2012, lokacin da agogon Nijeriya ke shirin buga ƙarfe ɗaya na daren wayewar Lahadi. Juyawar duniya ba ta tafiya daidai da agogon atam, don haka masana a Faris sukan ba da sanarwar ƙara sakan ɗaya lokaci-lokaci domin su daidaita. A wannan dare minti na ƙarshe ya zo da sakan 61. Manhajar Linux, wadda yawancin uwayen-garke ke amfani da ita, ta gyara agogonta na lokaci amma ta manta ba ta sanar da sashen da ke tayar da masu barci ba. Sashen nan sai ya riƙa gudu da sakan ɗaya a gaba.

A nan abin sha'awar yake. Manhajar rumbun bayanai irin su MySQL tana da ƙananan ma'aikata da yawa a cikinta. Wanda bai sami aiki ba yakan ce: a tashe ni bayan ɗan lokaci kaɗan, ƙasa da sakan guda. Da yake agogon mai tayarwa yana gaba, da zarar ma'aikacin ya kwanta sai a ce masa lokaci ya wuce. Ya tashi, ya duba, ba aiki, ya koma, a sake tayar da shi nan take, sau dubbai cikin sakan ɗaya. Yaron ɗan kasuwa ke nan yana zirga-zirga tsakanin littattafai biyu har gari ya waye, bai rubuta ko harafi ba. Shafuka irin su Reddit da Mozilla sun shiga matsala, kamfanin jiragen Qantas na Ostareliya kuwa sai da ya koma tantance fasinjoji da hannu.

Yadda ake gano irin wannan matsala bai bambanta da aikin asibiti ba. Akan fara da awo: wani ɗan umarni mai suna top yana nuna manhajar da ke cinye ƙarfin. Sannan a duba ko da gaske ana kwafe wani abu. Idan faifan ajiya shiru, layin sadarwa shiru, amma ƙwaƙwalwa na tafasa, to ba nauyin aiki ba ne, zagaye ne ake yi a wuri ɗaya. Tambaya mafi amfani ita ce wadda kowane likita ke fara yi: yaushe abin ya soma? Waɗanda suka duba jadawalin awonsu a 2012 sun ga layin ya yi tsalle daidai kan wannan sakan, suka gane bakin zaren. Wanda bai ajiye tarihin awo ba kuwa, sau da yawa sai ya ce injin ya yi ƙarami, ya nemi a sayo babba, kuma wannan shi ne kuskure mafi tsada.

Maganin ya zo da arha: an umarci kwamfuta ta sake saita agogonta a kan lokacin da take kai, sassan biyu suka daidaita, zazzaɓin ya sauka. Daga 1972 an ƙara irin wannan sakan sau 27, na baya-bayan nan a ƙarshen Disamba 2016. A 2022 babban taron ma'aunai na duniya ya yanke shawarar daina ƙara shi kafin ko a shekarar 2035.