Da jika goma na koma yaƙin tebur

Ranar da muke gyaran ɗakin ajiya a gidanmu na Ganou, uwargida ta jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin tsohon gado, ta ce, "Maigida, wannan kuma na mene ne? In ba shi da amfani a ba masu gwangwan." Ina buɗewa sai na tsaya cak. 'Yan sojojina ne na roba, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba, tare da kwalaben fenti takwas da burushi uku. Fentin duk ya daskare ya zama dutse. Burusan kuwa kyankyaso ya cinye gashinsu, sai sanduna.

Ɗana na biyu, mai shekara goma sha biyu, wanda in ba ƙwace waya aka yi daga hannunsa ba ba ya ɗaga kai ya dubi mutum, shi ne ya durƙusa yana juya su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Baba, kai ka yi musu fenti? Ya ake wasan?" Rabon da yaron nan ya tambaye ni wani abu wanda ba kuɗin data ba har na manta. A wurin na yanke shawarar komawa.

Ga wanda bai san wasan ba, abin ba wuya. Mutum biyu ne ke jera ƙananan mayaƙa a kan tebur, a yi musu tuddai da ganuwa da rafi, kowa ya riƙa motsa nasa bisa ƙa'ida, ana auna tafiyar da awon tela. Ba sabon abu ba ne. A 1824 wani hafsan sojan Farusiya, a Jamus ta yau, mai suna Reisswitz, ya gabatar wa rundunarsu irin wannan wasa don horar da hafsoshi. A 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da littafin ƙa'idojin wasa da sojojin yara mai suna Little Wars. Yau kamfanin da ya fi suna a harkar shi ne Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975, ya fito da wasan Warhammer a 1983.

Mu dai a Djougou, inda na tashi, ba mu san da waɗannan ba. Dawakin laka muke ginawa a bayan gida, mu shanya, mu jera su a yashi mu yi ta yaƙi har a kira magariba. Sai da na je aiki Kwatano na haɗu da wani abokin aiki da ya yi karatu a Faransa, shi ya nuna mini na Turawa, ya kuma bar mini wasu da zai koma. Na yi shekara biyu ina yi, sai aure da hidima suka zo, akwati ya shige ƙarƙashin gado.

Da na koma, abin da na fara yi shi ne abin da kowa ke yi: na hau YouTube. Nan gabana ya faɗi. Kowane mai koyarwa bayansa bango ne guda na fenti, kwalba ɗari ko fiye, ga injin fesawa, ga fitila ta musamman. Na duba farashi. Kwalbar fentin Citadel, wanda Games Workshop ke yi, mililita 12 ce kacal, ba ta kai cokalin miya ba, kuɗinta kuma ya haura yuro 3. Tunda yuro ɗaya sefa 655 ne da 'yan kai, kwalba guda ta tashi jika biyu ke nan, ba a sa kuɗin aikowa daga Turai ba. Kwalba goma ta cinye kuɗin cefanen kwanaki.

Uwargida ta leƙo wayar ta gani, ta ce, "To, Allah ya kyauta. Kuɗin makarantar yara dai wata mai zuwa ne." Gaskiyarta. Na yi mata alkawarin ba zan wuce jika goma ba, wato sefa 10,000, komai da komai. Abin da na koya cikin jika goman nan shi nake so in ba wanda ke da irin wannan sha'awa, ko na wasan yaƙi ne, ko na ƙera 'yan motoci da gidajen kwali.

Kafin in sayi komai sai da na je wajen malaminmu na unguwa, don na san maganar mutum-mutumi ba ƙaramar magana ba ce a wurinmu. Na ce, "Allah gafarta malam, ga abin da nake so in yi da yaro." Ya juya sojan a hannunsa, ya ce malamai sun yi sassauci kan kayan wasan yara, ya kawo labarin 'yan tsanan Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Amma ya shawarce ni da abu uku: kada in fitar musu da fuska, kada in jera su a falo don ado, kada kuma a sa ko dala a kan wasan. Ya ƙara da cewa in da hali a bar ɗan ludo. Na karɓa duka. Mayaƙanmu ba su da ido ba su da baki, rawani ya rufe. Maimakon ɗan ludo, marafen kwalba shida muka rubuta wa lamba muka zuba a jaka, mai wasa ya zura hannu ya zaro. Wannan ko sisi bai ci ba.

Sai fenti, kuma a nan na fara yin asara. Na shiga wani shagon kayan gini na sayi ƙaramin gwangwanin fentin mai, irin na ƙofa da taga, ina ganin na yi wayo. Na shafa wa sojoji goma. Sati biyu suna danƙo, ƙurar hunturu ta bi ta manne musu, suka koma kamar an tsoma su a garin ƙuli. Fentin mai ba ya bushewa da kyau a kan roba mai laushi. Na gwada fentin 'yan makaranta da ake kira guwash, shi kuma ya bushe da wuri, amma da gumin hannu ya taɓa shi sai ya goge.

Abin da ya dace shi ne akirilik. Da ruwa ake sirka shi, yana bushewa cikin mintuna, in ya bushe kuma ruwa ba ya wanke shi. Ba sai na kamfanin wasa ba. Na samu na masu zane, irin na matsawa kamar man goge baki, a shagon littattafai, masu rubuta allon talla ma sun san inda ake samunsa. Kala shida na saya: baƙi, fari, ja, shuɗi, ɗorawa da ruwan ƙasa. Sauran duk haɗawa ake yi. Shuɗi da ɗorawa su ba ka kore. Ja da ɗorawa su ba ka ruwan goro. Shuɗi da ɗigon baƙi su ba ka rawani kamar ɗan Kura. Gaskiya mai arha bai kai na Turai ƙarfin launi ba, musamman ɗorawa da ja, sai ka shafa sau biyu ko uku. Haƙuri yake ci, ba kuɗi ba. A sirka shi ya yi ruwa-ruwa kamar madara, a shafa siriri, a jira, a sake. In aka lafta shi da kauri sai ya cike duk zanen jikin abin.

Wanda ya yi fenti a Parakou cikin Disamba ko Janairu ya san wata matsalar da masu koyarwa na Turai ba sa ambata. Iskar hunturu na busar da akirilik tun kafin burushi ya kai inda za shi. Maganinsa robar abinci mai murfi. A sa soso siriri a ciki, a jiƙa shi, a shimfiɗa takardar da masu gasa kek ke amfani da ita, a ɗiga fentin a kai. Danshin da ke tasowa daga ƙasa zai riƙe shi har washegari in an rufe. Abin da aka gama shafawa kuma a kife shi da kwano saboda ƙura.

Kafin launi akwai shafin farko, wanda ke sa fenti ya kama. Sojojin roba da ake sayarwa cikin leda a kasuwar Arzeke lokacin Sallah suna da maiƙo daga masana'anta, don haka a fara wanke su da sabulu. Bayan nan na je wajen wani kafinta abokina, ya ɗiba mini farin gam ɗin katako a kwalba. In aka sirka shi da ruwa aka shafa, yana bushewa ya zama wata siririyar fata da fenti ke kamawa. Gam ɗin nan shi ne jarumin aikin gaba ɗaya: da shi nake manna yashi, da shi nake rufe fentin a ƙarshe. Gargaɗi ɗaya: fentin fesawa na gwangwani yana narkar da farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firiji. Ganuwar da muka kwana biyu muna sassaƙawa a gabanmu ta narke, yaro har da hawaye.

Wuri ɗaya ne na ce kada a yi rowa: burushi. Ka sayi guda mai kyau, matsakaici, wanda in ka jiƙa shi bakinsa ke haɗuwa ya yi tsini kamar allura. A shago na nemi izini na jiƙa uku kafin in zaɓa, mai shagon yana ta dariya yana cewa, "Alhaji, burushi ne fa, ba rago ba." Kada fenti ya kai gindin gashin, kada a bar shi tsaye cikin ruwa, a wanke da sabulu bayan kowane aiki. Don ayyukan wahala, irin shafa gam da yashi, na 'yan makaranta ya isa. Wani tsohon burushin hoda da uwargida ta yar shi nake dangwala wa fenti kaɗan, in goge a tsumma har ya kusa bushewa, in share saman abu da shi. Nan take duk tudun da ke jiki sai ya fito fili.

Sauran kayan aiki duk a gida suke. Abin yanke farce ya maye gurbin almakashin da ake sayarwa da tsada. Reza sabuwa, wadda ni kaɗai ke riƙewa ba yaro ba. Guntun sanfefa daga wajen kafinta. Wosha daga garejin makanikai, a manna soja a kai don kada iska ta kayar da shi. Jan ƙasar ƙofar gida, a tankaɗe da rariya.

Da kayan suka haɗu sai tambaya ta taso: yaƙin wa za mu yi? Ban ga dalilin da zai sa ɗana ya san jaruman tatsuniyar Turawa bai san hanyar da kakanninsa suka bi ba. Hausawan Parakou da Djougou da yawa fatauci ne ya kawo iyayensu. Ayarin goro kan taso daga Kano ko Sakkwato, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Parakou, ya yada zango a Djougou, inda unguwar Wangara ta kasance ta 'yan kasuwa, Kilir kuma ta sarauta, sannan ya wuce Salaga a ƙasar Gwanja. Madugu ne shugaba, jagaba na gaba. Sai muka mai da wannan wasa. Ɗaya ya ja ayari daga wannan gefen tebur zuwa wancan, ɗaya ya yi kwanton ɓauna. Wanda ya tsallake da rabin kayansa ya ci.

Muka yanke bindigogin sojojin roba, muka jiƙa takarda mai laushi da gam muka yi musu riguna, zare ya zama rawani, wayar lantarki ta zama mashi. Jakuna da dawaki daga ledar dabbobin roba suka fito. Adon dawakin kuwa daga abin da muka gani a bikin Gani na Nikki muka kwaikwaya, ja da ɗorawa da kore. Yaron ya ce lallai sai an yi wani mahayi kamar Bio Gera, jarumin Bargu da ya yaƙi Faransawa aka kashe shi a 1916, wanda ake ganin siffarsa bisa doki a dandalin da ke ɗauke da sunansa a nan Parakou. Na ce ai zamaninsu ba ɗaya ba ne da ayarinmu. Ya ce, "Baba, tebur ɗinmu ne." Na ƙyale shi.

Da na zauna lissafi, kusan rabin kuɗin a fenti ya tafi, har da na man da na yi asara. Burushi ya biyo baya, sai ledojin sojoji da dabbobi. Canjin da ya rage na miƙa wa uwargida, ta ƙirga a gabana, ta ce, "Ashe dai kana da alkawari." Da na san abin da na sani yanzu, da jika bakwai ma ta isa.

Ba zan ce yaron ya rabu da waya ba, ƙarya haramun. Amma ranar Asabar bayan la'asar shi ke shimfiɗa tabarma ya fito da akwatin, wani lokaci har da abokansa biyu daga Zongo. Makon jiya ya tare ni a mashigin rafi ya kwashe mini jakuna bakwai cikin goma, yana yi yana tambayata kwana nawa ayari ke yi daga Djougou zuwa Salaga. Na ce ya bari in mun je gida hutu ya tambayi kakansa. Farin fentinmu ya kusa ƙarewa, shi kaɗai zan sake saya a wannan wata.